Sagewar Hannun Hagu da Ma'anar Tawakkali

A unguwar New Bell, idan hannun hagu ya sage, wasu rubutu suke fara nema, su ce Allah ne mai warkarwa. Gaskiya ne, amma Shi ya saukar da cuta tare da maganinta, don haka zuwa asibiti ba ya rage tawakkali. Wani zai ce yawanci kwanciya a kan hannu ce, ko jijiyar wuya, ko ciwon suga. Haka ne. Sai dai idan sagewar ta zo farat ɗaya, da nauyin ƙirji, gumi, karkacewar baki ko sarƙewar harshe, ana tsoron bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma jinkiri sakaci ne da amanar rai. A yi addu'a a hanya, a garzaya asibitin Laquintinie.