Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: Nehemiya 2:1-9, Ezra 8:21-34, Daniyel 1, Ayyukan Manzanni 13:1-3

Daga Tudun Murtala zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba wata nisa. Amma yaron da ya shiga jirgi a can, kafin gari ya sake wayewa ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta, bai san kowa cikinta ba. A zamanin nan 'ya'yanmu da su ke jami'a su kan sami dama su tafi wata ƙasa, waɗansu domin zangon karatu ɗaya, waɗansu domin koyon aiki a asibiti ko masana'anta, waɗansu kuwa har shekara biyu. Gwamnatin Kano ta aika da ɗalibai masu yawa waje tsakanin 2011 da 2015, a 2023 kuma ta sāke aika waɗansu Indiya da Yuganda. Mun gode wa Allah domin wannan ƙofa.

Tafiya neman ilimi ba sabon abu ba ne a gare mu. Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda aka haifa a 1912, ya koyi aikin likita a Birmingham ta Ingila, ya komo ya zama likita na fari daga Arewa. Dokta Ishaya Audu ya yi karatu a Landan, ya komo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sun tafi da bangaskiyarsu, sun komo da ita, ƙasa kuwa ta ci moriyarsu. Tambayar da ke gabanmu ita ce, yaya za mu shirya namu 'ya'yan domin su ma su tafi lafiya su komo da albarka? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu duba abu huɗu daga cikin Maganar Allah.

Na fari: takardun Nehemiya

Sa'ad da Nehemiya ya so ya tafi Urushalima, ya yi addu'a tukuna, sa'an nan ya yi magana da sarki. Sarki ya tambaye shi tsawon tafiyar da lokacin komowarsa, shi kuwa ya yanka masa lokaci. Bayan wannan ya roƙi wasiƙu zuwa ga hakiman da za shi ratsa ƙasarsu. Ga mutum mai addu'a, ga shi kuma bai raina takarda ba. Kada wani ya ce bangaskiya ta ishe shi, ba ya bukatar shiri.

Ɗalibi ya duba fasfo ɗinsa tun da wuri, gama ƙasashe da yawa su kan so ya zama da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Ya yi allurar rigakafin shawara ya karɓi katinta. Ya san irin bizar da aka ba shi da abin da ta yardar masa. A Ingila, mai bizar ɗalibi da ke karatun digiri ba shi da izinin aiki fiye da awa 20 a mako lokacin da makaranta ke ci. Wanda kuwa ya shiga da bizar baƙo domin karatun da bai wuce wata 6 ba, ba a yarda ya yi aikin kuɗi ba ko kaɗan. Mai bi ba ya karya dokar ƙasar da ta karɓe shi, ko da ya ga waɗansu suna yi.

Mai tafiya domin zango ɗaya ya je wurin shugaban sashensa tun bai tashi ba, a rubuta masa cewa jami'arsa ta gida za ta lissafta darussan da za shi yi a can. In ba haka ba, ya komo ya tarar wata shida sun tafi a banza. Iyaye kuma su bincika ko makarantar ta gaskiya ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda su ka yi karatu da guminsu. Takardar ƙarya shaidar zur ce, Allah kuwa ya hana.

Akwai kuma zancen kuɗi. Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina soro, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya kafa tushe (Luka 14:28-30). A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin da iyaye su ka tara ya narke a hannunsu. A 2024 aka ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila waɗanda aka dakatar da su daga karatu domin sun kāsa biya a kan lokaci. Saboda haka a lissafta kuɗin makaranta, da na ɗaki, da abinci, da inshorar lafiya, da na jirgin komowa, a kuma ajiye wani abu domin ranar da ba a zata ba. In kuɗin bai kai ba, ba abin kunya ba ne a jira wata shekara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na biyu: ma'aunin Ezra

Ezra ya tara mutanensa a bakin kogin Ahawa, su ka yi azumi su ka roƙi Allah hanya lafiya. Sa'an nan ya auna azurfa da zinariya da kayan Haikali, ya danƙa su a hannun firistoci goma sha biyu. Da su ka kai Urushalima aka sāke aunawa, aka rubuta, ba abin da ya ɓace. Kowane mutum ya san abin da ya ɗauka.

Wannan darasi ya zo har ƙofar gidanmu. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, domin an sami haramtattun ƙwayoyi cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna waɗansu miyagu ne a filin jirgin Kano su ka manna sunanta a jakar da ba tata ba. Ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019. Ɗana, 'yata, ku shirya jakarku da hannunku. Ku ƙidaya jakunkunanku, ku duba lambar da aka manna a tikitinku. Kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba, ko da mai ba ku ya ce yaji ne da kilishi, ko da kun san shi a majami'a. Mu iyaye ma kada mu ɗora wa yara kunyar ƙin karɓar saƙo.

Ezra ya san akwai haɗari a hanya. Mu ma mun gani. Ran 24 ga Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukiren, ɗalibanmu su ka yi ta gudu zuwa iyakar Foland da Romaniya da Hangari, na birnin Sumi kuwa su ka yi kusan mako biyu ba hanyar fita. Ran 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya tashi a Khartum, inda ɗalibai da yawa daga Arewa su ke. Aka kwashe waɗansu a motoci zuwa iyakar Masar, su ka yi kwanaki a hamada kafin jirage su fara sauke su a Abuja a farkon Mayu. Ba mu faɗi wannan domin mu tsorata kowa ba. Muna so kowane ɗalibi, da saukarsa, ya ba ofishin jakadancin Nijeriya sunansa da inda ya ke zaune. Ya rubuta lambobin waya a takarda, gama waya ta kan mutu. Ya bar hoton fasfo ɗinsa a gida wurin iyaye. Rigakafi ya fi magani.

Na uku: zuciyar Daniyel

Daniyel da Hananiya da Mishayel da Azariya samari ne da aka kai Babila, aka sa su makarantar sarki shekara uku. An sāke musu suna, ba su yi gardama ba. An koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa, su ka koya har su ka fi kowa. Amma a kan abincin sarki Daniyel ya ƙudura a ransa ba za shi ƙazantar da kansa ba. Ku lura da yadda ya yi. Bai zagi kowa ba, bai ta da husuma ba. Ya roƙa cikin ladabi a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, Allah kuwa ya ba shi farin jini.

Ga hikimar baƙunci ke nan: a san abin da za a karɓa da abin da za a ƙi. Ɗalibi ya koyi gaisuwar mutanen, ya ci tuwonsu, ya kiyaye lokacinsu. A makarantun Turai da Amurka wanda ya kwafi rubutun wani bai ambaci mai shi ba, ana iya korarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san doka ta takwas. Mai koyon aiki ya tuna da Yusufu a gidan Fotifar, wanda aka danƙa masa kome domin amincinsa, ya kuma gudu daga zunubi a ranar da ba mai ganinsa sai Allah.

A can ba uwa mai tambaya ina ka kwana, ba dattijon da za ka haɗu da shi a hanya. Akwai sanyi, akwai kewa, akwai dare mai tsawo. A irin wannan lokaci ne giya da fasikanci da mugayen abokai su kan zo da fuskar ta'aziyya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙaramin ɗan nan na cikin Luka 15 ma a ƙasa mai nisa ya watsar da dukiyarsa. Wanda bai ƙudura a ransa tun yana Tudun Murtala ba, da wuya ya ƙudura a can. Daniyel ya saba addu'a sau uku a yini, shi ya sa dokar sarki ba ta iya hana shi ba.

'Ya'yanmu suna da wata baiwa da ba su sani ba. Sun yi girma a Kano tare da maƙwabta Musulmi, sun yi makaranta tare, sun san yadda a ke riƙe bangaskiya a kuma girmama wanda ba ya bin ta. A Indiya za su zauna da Hindu, a Turai da waɗanda su ke cewa ba Allah. Su yi musu alheri, kamar yadda Irmiya ya gargaɗi kamammu su nemi lafiyar birnin da su ke baƙunta (Irmiya 29:7). In sun haɗu da ɗan Kano a can, Kirista ko Musulmi, ɗan gida ne, su taimake shi.

Na huɗu: hannuwan Antakiya

Ekklesiyar Antakiya ba ta bar Barnaba da Shawulu su sulale da dare ba. Sun yi azumi da addu'a, su ka ɗibiya musu hannu, su ka sallame su. Da su ka komo kuma, aka tara jama'a su ka ba da labarin abin da Allah ya yi (Ayyukan Manzanni 14:27). Sau da yawa a kan ɓoye tafiyar yaro domin tsoron bakin mutane, sai bayan wata biyu a ji ya tafi. Wanda ya tafi a ɓoye, wa zai yi masa addu'a?

Ga abin da mu ke roƙon kowace ekklesiya. Wata ɗaya kafin tafiya, fasto da dattawa su zauna da ɗalibin da iyayensa, a kira wani da ya taɓa zama waje ya faɗa masa gaskiyar zaman can. A rubuta masa wasiƙar shaida zuwa ga masu bi na garin da za shi, kamar yadda 'yan'uwa su ka rubuta domin Afolos, Bulus kuma ya yi domin Fibi. A sa masa Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin jaka, gama a ranar baƙin ciki harshen uwa ne ke kai wa zuciya. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa kiransa kowane mako biyu.

Ku iyaye, kada ku mai da ɗalibi rumbu. Ɗan guzurin da ke hannunsa na karatu ne. In kuna damunsa da roƙon kuɗi, ku ne za ku tura shi ga aikin da doka ta hana. In ya kira yana kuka ya ce ya fāɗi jarrabawa ko ba shi da lafiya, ku saurare shi, kada ku ce ya ba ku kunya. Yaron da ke tsoron faɗa wa gida damuwarsa, shi ne ya fi kusa da hallaka.

Kai kuma ɗalibi, ka riƙe ranar komowa kamar Nehemiya. In bizarka ta ƙare, ka komo. Wanda ya ɓuya a ƙasar mutane ya zama kamar ɓarawo cikin tsoro kullum, ya kuma rufe ƙofa ga ƙannensa da za su nemi biza bayansa. In ka komo, kada ka raina tuwon gidanku ko Hausar mahaifiyarka. Ka tsaya gaban jama'a ka ba da labari, ka koya wa na baya abin da ka koya.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka kiyaye Ezra a hanya, ka tsaya tare da Daniyel a Babila, ka kiyaye 'ya'yanmu da su ke shirin tafiya da waɗanda su ke can yanzu. Ka ba su hikima cikin karatu, da aminci cikin aiki, da tsarki sa'ad da ba mai ganinsu. Ka ba mu iyaye haƙuri, ka komo mana da su lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.