Garin Da Ba Shi Da Ƙofa

Ran Lahadi bayan sujada na iske yaranmu a Sabuwa suna gina gari da laka. Ga kasuwa, ga rijiya, ga majami'a, ga masallaci. Amma sun kewaye shi da ganuwa, babu mashiga. Na ce, "Ina ƙofa?" Wata yarinya ta ce, "Baba, mutanen daji za su shigo."

Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, zancenmu duk na tsoro ne. Annabi Zakariya kuwa (8:5) ya hango birni inda yara suke wasa a sarari. Iyaye, abin da yaro ya ji a bakinmu, shi yake ginawa. Bari ya ji addu'a da bege kuma, har ya buɗe wa garinsa ƙofa. Amin.