Dogara ga Allah Sa'ad da Ba Mu San Gobe Ba

Tokar da Fada yake shafa mana a goshi ran Larabar Toka, daga rassan dabinon da muka ɗaga da murna bara aka samo ta. Waɗansu da muka yi jerin gwano tare da su a ranar nan, yau suna kabari. Babu kuwa wanda ya san ko zai ga Ista ta bana.

A ƙasarmu Azumi yakan faɗo ne cikin bazara, sa'ad da rijiyoyi suke ƙafewa, hatsi yake ja baya a rumbu, cuta kuma take yawo. Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Cikinsu akwai waɗanda aka yi musu addu'a dare da rana. To, ina amfanin dogara ga Allah, in wanda aka roƙa wa lafiya ya mutu? Kada mu yi saurin tsawata wa gwauruwar da ta yi wannan tambaya, gama Ayuba ma ya yi ta.

Da yawanmu mun mai da bangaskiya ciniki: na yi azumi, na ba da sadaka, saboda haka Allah ya ci bashina. Ranar da masifa ta zo, sai mu ga kamar an cuce mu. Amma mu dubi Getsamani. Matiyu, a sura 26, ya nuna mana Ubangiji yana roƙon Uba har sau uku a ɗauke masa wahalar da take gabansa. Ba a ɗauke ta ba. Ya faɗi abin da yake so a fili, cikin baƙin ciki, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uba, ya tashi ya taryi masu kama shi. Allah bai yi mana alkawarin tsallake kabari ba. Alkawarinsa shi ne kabari ba zai riƙe mu ba, Ɗansa kuwa ya riga mu shiga.

Akwai kuma wani kuskure, na wanda yake ƙin kai ɗansa rigakafi ko asibiti, yana cewa Allah zai kiyaye. Wannan gwada Allah ne, irin wanda Shaiɗan ya nema sa'ad da ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali. Yesu ya ƙi. Manomi yakan yi shuka ko da bai san yadda damina za ta kaya ba.

Ran 27 ga Maris 2020, a tsakiyar Azumi, annobar korona ta sa an rufe majami'u a ƙasashe da yawa. Paparoma Francis ya tsaya a Dandalin Bitrus Mai Tsarki, ba jama'a, ana ruwan sama, ya yi wa'azi a kan almajiran da hadari ya rutsa da su cikin jirgi, Yesu yana barci. Bai ce annobar za ta wuce gobe ba. Ya tuna mana cewa Ubangiji yana cikin jirgin. A 2025 shi kansa ya yi kwana 38 a asibiti, har Larabar Toka ta same shi a can. Ran Lahadin Ista, 20 ga Afrilu, ya fito da ƙyar ya sa wa jama'a albarka. Kashegari da safe ya rasu, yana da shekara 88.