Tsarin Shagon Sutura na Intanet a Ma'aunin Fiƙihun Ciniki

A Turai da Amurka akwai shagunan sutura da ke sayar wa waɗanda suka zaɓi shigar da ta saɓa wa ta jama'a, musamman mabiya salon goth da punk, waɗanda suka ɓullo daga fagen kiɗa, punk a tsakiyar shekarun 1970 a Landan da New York, goth kuma a Ingila a ƙarshen waɗannan shekarun. Kayansu baƙaƙe ne galibi: leshi, fata, karammiski, manyan takalma da sarƙoƙi. Hot Topic, wanda ya buɗe shagonsa na farko a California a 1989, da EMP na Jamus suna cikin sanannun masu wannan sana'a. Da yawan cinikin ya koma intanet, sai tsarin shafin ya maye gurbin abubuwa biyu, bakin mai sayarwa da hannun mai saye. Daga nan tambaya ta taso: ina iyakar ƙawata haja, ina kuma algus ya fara? Ko ya halatta Musulmi ya sa irin wannan sutura, wannan mas'ala ce ta daban.

Fiƙihu ya daɗe da sanin sayar da abin da ba ya gaban mai saye. Malikawa sun halatta shi a kan siffa, wato a bayyana kayan ta yadda jahilci zai gushe, kuma idan suka zo yadda aka siffanta, ciniki ya faɗa. Hanafawa sun inganta cinikin amma sun ba mai saye zaɓi a lokacin da ya ga kayan. Imam Shafi'i, a ra'ayinsa na baya, ya fi tsanantawa, ya ga akwai garari a ciki, wato rashin tabbas game da abin da ake saye. Kwamitin Fiƙihun Musulunci na Duniya da ke Jidda ya yanke a 1990 cewa ciniki yana ƙulluwa ta hanyoyin sadarwa na zamani, don haka rashin haɗuwa ido da ido ba ya ɓata shi. Abin da ya rage shi ne ingancin siffar.

A nan Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da almajiran ilimi a ƙasar Hausa suka sani sarai, ta yi bayani mai dacewa ƙwarai. Ta halatta sayen dila a ɗaure bisa takardar da ke lissafa abin da ke ciki, matuƙar siffar sananniya ce. Ta kuma hana sayen tufa da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, haka nan sayenta cikin duhun dare inda ba a iya duba ta. Dalilin hanin shi ne rashin gani, ko me ya jawo shi. Shagon da ya ɗora hoton baƙar riga a kan baƙin shafi, ya rubuta nau'in yadi da jan rubutu siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya ƙirƙiro wannan duhun ne da hannunsa. Ba a ganin ɗinki, ba a bambance auduga da roba, ba a san ko leshin mai kauri ne ko shara-shara. Masu tsara shafuka suna da ma'auni a kan haka: ƙa'idojin WCAG sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, domin mai raunin gani ma ya iya karantawa.

Mai shago yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Abokan cinikinsa suna neman yanayi tare da riga, kuma farin shafi irin na kowa zai iya sa su ji sun shiga shagon da ba nasu ba. Shari'a ba ta hana ɗan kasuwa gyara rumfarsa ba. Iyakar tana bayyana a hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Laifin mutumin a jerin kayan yake, ko da bai furta ƙarya ba. Ke nan ado yana da filinsa a kanun shafi, tambari da hotunan talla, amma awo, nau'in yadi, ainihin launi, kuɗin aike da sharuɗɗan mayarwa su ne siffar da aka gina cinikin a kanta, dole su fito fili kafin a biya. Awo ya fi sauran muhimmanci, domin rigar da ake ɗaure ƙugu da ita ko takalmi mai tudu ba sa yafe kuskuren santimita biyu.

Sauran dabarun da shagunan intanet ke jawo mai saye da su hukuncinsu ya fi sauƙi. Agogon ragi da ke komawa farko idan ya ƙare, sanarwar ƙarya cewa saura guda ɗaya, da yabon da shago ya rubuta wa kansa da sunan abokan ciniki, duk dangin najashi ne, wato tayin da ake yi ba don saye ba sai don a ruɗi wani. Harry Brignull, masanin tsara shafuka ɗan Ingila, ya fara tattara irin waɗannan dabaru a 2010.

Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya fasa ba tare da kawo dalili ba, abin da ya yi kusa da zaɓin gani na Hanafawa. Wannan dama tana rage cuta, amma ba ta sauke wajibcin bayani daga kan mai sayarwa, domin wanda ya mayar da kaya ya riga ya yi asarar lokaci, sau da yawa har da kuɗin aike. Shagon da ya ɓoye siffa a cikin ado ya yi algus, ko da ƙofar mayar da kaya a buɗe take.