Toshe Kafar Ɓarna: Da Gaske Daga Wiwi Ake Farawa?

Duk uwar da ta taɓa zargin ɗanta ta san yadda ake wannan bincike. Yaro ya dawo bayan isha'i, ya cire riga ya rataye a ƙusa, ya ɗauki buta ya zagaya. Ita kuma ta lallaɓo ta kai rigar hanci. Warin wiwi ba ya ɓuya. Yana kama yadi, yana kama gashi, ko an fesa turare sai dai su haɗu su ba da wani wari na uku. In ta ji shi, bayan salati abin da ke fara zuwa bakinta shi ne abin da ta sha ji a wa'azi da rediyo: daga nan ake farawa. Yau ganye, gobe ƙwaya, jibi hodar iblis, gata kuma sai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko kan bola.

Yaron ma da amsarsa a baki. "Umma, ai ganye ne, daga ƙasa yake fitowa." In aka matsa masa, sai ya kawo misalin wani dattijo a tasha wanda ya shekara talatin yana busawa, bai taɓa haɗiyar ƙwaya ba, kuma har yau yana kai cefane gida. Uwar tana da gawarwakin da za ta lissafa, ɗan yana da rayayyun da zai nuna. A ƙarƙashin musun nasu akwai wata tsohuwar tambaya ta malamai: abu yana haramta ne saboda kansa, ko saboda inda yake kai mutum? In kuwa saboda inda yake kaiwa ne, mutum nawa zai kai kafin a ce a rufe hanyar?

Maganar cewa wiwi ƙofa ce tana da tarihi a wajen masu bincike. A 1975 wata malama a Jami'ar Columbia, Denise Kandel, ta wallafa a mujallar Science abin da ta gani bayan ta bibiyi ɗaliban sakandare a jihar New York ta Amurka. Ta tarar shaye-shayensu hawa-hawa ne kamar matakala: ana farawa da giya mai sauƙi, a wuce zuwa sigari ko barasa mai ƙarfi, sannan wiwi, sannan miyagun ƙwayoyi. Da wuya a sami wanda ya tsallake matakan ƙasa ya dira a sama. Masu kafa hujja da wannan bincike sukan manta cewa matakin farko a cikinsa kayan da doka ta halatta sayarwa ne a can, kuma sigarin da ake sayarwa kara-kara a kowane teburin mai shayi yana gaban wiwi a jerin.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2003 daga Ostareliya. Michael Lynskey da abokan aikinsa sun nemo tagwaye 311, biyu-biyu, waɗanda ɗaya ya fara shan wiwi kafin ya cika shekara 17, ɗayan bai fara ba. Ciki ɗaya, gida ɗaya, tarbiyya ɗaya. Duk da haka wanda ya fara da wuri ya fi ɗan'uwansa yiwuwar faɗawa wasu ƙwayoyin ko kamuwa da jarabarsu, ninki biyu zuwa biyar. Wannan ba abin da za a share da hannu ba ne, kuma uwar nan ba tatsuniya take yi ba.

Sai dai jeri daban, sababi daban. Zakara yana cara kafin fitowar rana, amma ba shi ke fito da ita ba. Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ce a rahotonta na 1999 mafi yawan masu shan wiwi ba sa wucewa gaba, kuma ba a sami gamsasshiyar hujja cewa sinadarin ganyen ne ke tura mutum ga abin da ya fi shi ba. A 2010 aka kwatanta bayanan ƙasashe 17, har da Najeriya, sai aka ga jerin yana sauyawa da sauyin ƙasa. A Japan, inda wiwi ke da wuyar samu, akasarin masu shan miyagun ƙwayoyi ba ta kanta suka bi ba. Daga nan wasu suka ce matsalar tana jikin mutumin tun asali: mai damuwa, mai zafin kai, wanda gida ya watse masa, zai kama duk abin da ya fi kusa da hannunsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu suka ce tana wajen dila, wanda ke da ganye a wannan aljihu da ƙwaya a wancan. Holand ta ɗauki wannan fahimta ta biyu, ta gyara dokarta a 1976 don ta raba kasuwar wiwi da ta hodar da ke kisa.

Abin sha'awa, zauren fiƙihu ya riga ɗakin bincike shiga wannan muhawara da shekaru ɗaruruwa. Lokacin da hashisha, wato wiwi, ta yaɗu a Masar da Sham, malamai ba su tarar da sunanta a nassi ba, dole suka dubi abin da take yi wa mai shanta. Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1285, ya raba masu taɓa hankali gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai bugarwa tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya, mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. Ya sa hashisha a gida na biyu, saboda ya lura mashayan giya suna rigima da doke-doke, masu hashisha kuwa sai shiru da kasala. A wajensa mai shanta horo ya cancanta, ba haddin giya ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, bai yarda da wannan rabo ba. Ya ce giya ce a wata riga, kuma hukuncinsu ɗaya. A cikin Malikiyyar ma, Abdullahi Almanufi, malamin Shehu Halil mai Muhtasar, ya karkata ga cewa tana bugarwa, kuma hujjarsa daga kasuwa ya ɗauko ta: ya ga masu shanta suna sayar da dukiyarsu don su same ta. Duk wanda ya taɓa neman tukunyar gas ko wayar ƙanwarsa a gida ya rasa, ya san abin da Almanufi ya gani.

A lura, cikinsu ba wanda ya jingina hukuncinsa ga cewa hashisha tana kai mutum ga wani abu. Sun tsaya ne a kan abin da take yi wa hankali, wanda kiyaye shi yana cikin manyan manufofin shari'a. Binciken zamani ya ƙarfafa su. Kusan ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu da jarabarta, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kusan ɗaya cikin shida. Wani bincike na 2019 a wurare 11 na Turai da Birazil ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen yiwuwar taɓin hankali, in kuma mai ƙarfin ce yake sha, kusan sau biyar. Wiwi ba ta buƙatar a aro mata laifin wani. Mai wa'azin da ya ɗora dukan hujjarsa a kan "tana kaiwa ga ƙwaya" ya miƙa wa yaro makami, domin dattijon tasha ɗaya ya isa ya rushe masa magana.

Ƙa'idar da ta dace da batun ƙofa ita ce saddu zari'a, wato toshe kafar ɓarna, wadda Malikiyya suka shahara da ita. Ɗaliban Arba'una Hadisi sun san misalin makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da aka killace, wanda kaɗan ya rage dabbobinsa su afka ciki, kuma a ƙasar da ake rikicin gona da burtali ba sai an yi wa kowa dogon sharhi ba. To amma Alƙarafi ɗin nan ya gargaɗi masu ɗaukar ƙa'idar da gaggawa. Ya ce akwai kafar da kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Akwai wadda kowa ya yarda ba a toshewa: ba a hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi. Akwai kuma ta tsakiya da ake saɓani a kanta. Ma'aunin shi ne yawan kaiwa ga ɓarna da girman ɓarnar, kuma wannan ba a sanin sa daga cikin littafi kaɗai. Sai an fita an duba ta ina mutanen wannan gari, a wannan zamani, suke shiga.

In aka duba a Arewa, abin da ake gani yana tayar da hankali. Ƙididdigar da gwamnatin Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta ce a faɗin ƙasar mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, wasu suna haɗa fiye da ɗaya. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Matar auren da ke cikin kulle, wadda ƙawa ta kawo mata kwalbar kodin a jaka ranar suna ta ce "sha ki huta da tunanin kishiya", ba ta taɓa riƙe naɗin wiwi ba. Ɗan dakon da ke kora tiramol biyu da shayin asuba don ya iya sauke buhuna har la'asar, shi a ganinsa magani ya sha, kuma yana iya zagin ɗan wiwi da gaske har cikin zuciyarsa. Yaron da ke shaƙar sholisho a tsumma wajen mai faci bai kai shekarun da dila zai kula shi ba. Ƙofarsu kemis ce, da gajiya, da baƙin ciki.

Wani labari daga Kamaru ya nuna zurfin abin. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun gano tiramol a saiwar tafashiya, suka zaci itacen ne ke yin sa da kansa. Shekara guda bayan haka masu bincike daga Jamus suka je arewacin ƙasar, suka tarar manoma suna sha, suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure rana, har maganin ya bi fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙe shi.

Waɗannan ƙwayoyi ba sa wasa. Kodin, in ya isa hanta, wani kaso nasa yana juyewa ya zama mofin. Shi da tiramol dangin ofiyom ne, kuma aikinsu a ƙwaƙwalwa ya haɗa da rage numfashi. Wiwi tana iya haukata mutum, amma da wuya ƙwarai ta tsayar masa da numfashi. Waɗannan kuwa suna yi, musamman in an haɗa su da ƙwayoyin barci irin su roci. Tiramol yana ƙarawa da jijjiga kamar ta farfaɗiya. Abin da hukuma ta amince a sayar mai nauyin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa yakan kai 225. Jiki yana sabawa, kwalba ɗaya ta koma uku, ƙwaya biyu ta koma kati. Ranar da babu, sai gumi, hamma, majina, gudawa, ciwon gaɓoɓi, dare ya raba ido biyu. A wannan matakin mutum ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi, shi ya sa faɗa da gori ba sa ratsa shi.

Akwai kuma haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta sabon da ya yi. In ya fito ya koma kan adadin da ya saba, wannan adadin na iya kashe shi a daren farko. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, wasu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. Iyayen ba mugaye ba ne, mutane ne da suka rasa inda za su kai kukansu. Amma mari yana riƙe ƙafa ne kawai, ba ya taɓa abin da ya kai yaron ga kwalba. Alƙur'ani da kansa bai yanke giya rana ɗaya ba: a Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida aka rufe ƙofar gaba ɗaya. Wanda ya halicci jiki ya san yadda sabo yake kama shi.

Don haka mai son aiki da ƙa'idar toshe kafa da gaskiya ba zai sassauta wa wiwi ba, musamman ga yaro ɗan shekara goma sha, wanda binciken tagwayen nan ya nuna shi ya fi shiga haɗari. Amma ba zai yarda a bar jaki ana dukan taiki ba. Mai kemis ɗin da ke miƙa kati ba takardar likita, yana sahun gaba a masallaci, shi ne mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, kuma da wuya a ji an ambace shi a huɗuba kamar yadda ake ambaton yaran da ke busa wiwi a kango.

Toshewar ma ba aikin rana ɗaya ba ne. Bayan shirin binciken BBC kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a ranar 1 ga Mayu. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol. Kasuwa ta nemi wata kafa. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wata ƙwaya da ake yi a Mumbai, haɗin tafentadol da wani maganin sakin jijiya, wadda ba ƙasar da ta amince da ita a matsayin magani, ana sayar da ita a titunan Najeriya da Kwaddibuwa da Gana, har mutanen Tamale suka kafa 'yan sintiri na sa-kai don farautar dilolinta. Cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin. Katin yana shiga aljihun ɗan makaranta ba a gani, ana haɗiye ƙwayar da ruwan leda a bakin ƙofar gida, kuma ba ta barin wari a riga.