Mudu Ɗaya Ake Awo da Shi

A Idi-Araba, kusa da asibitin koyarwa na LUTH, an yi wani saurayi wanda a unguwar aka yanke masa cibiya. Kakansa ne ya zo Ikko daga ƙasar Katsina da fataucin goro, ya zauna. Yaron ya karanta lissafin kuɗi, ya yi hidimar ƙasa, ya nemi aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya kuma ci jarrabawa.

Sai aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, domin jiha-jiha ake raba gurabe. A inda aka haife shi aka ce masa shi baƙo ne. Ya hau mota ya tafi garin kakansa, can ma aka yi ta tambayarsa ɗan gidan wa ne. Kafin ya samo mai tsaya masa, an ba ɗan wani babba gurbin. Ya dawo Ikko zuciya na tafasa.

Allah bai bar shi ba. Ya shiga harkar gwari a kasuwar Mile 12, yana karɓar motocin tumatir da albasa daga Arewa. Da harka ta buɗe, ya nemi akawu. Mutum biyu suka zo: ɗan ƙanwar mahaifiyarsa, wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba, da wata Bayarabiya 'yar layinsu. Ya ba su lissafin mota uku. Yarinyar ta gama ba kuskure, har ta gano kuɗin lodin da aka rubuta sau biyu. Ɗan'uwansa ya rikice tun a mota ta farko.

Da dare ya je gaishe da kawunsa, tsohon mai awon hatsi, ya ba shi labarin yadda aka yi.

"Kawu, ɗan'uwana zan ɗauka. Naka sai naka. Ai ni ma haka aka yi mini."

Dattijon ya yi shiru, sannan ya jawo tsohon mudunsa daga ƙarƙashin gado.

"Shekara arba'in ina awo da wannan. Da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, duk da shi na auna musu. Ɗana, ranar da aka hana ka aikin nan, me ya fi yi maka ciwo?"

"Na ci jarrabawa, amma ba a duba ba."

"To, ita fa yarinyar nan, ba ta ci taka ba?"

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Amma Kawu, ai gwamnati ma da kanta rabon take yi."

"Tana yi, kuma da dalili. Tun 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta CMS a nan Ikko, mu kuwa Kwalejin Katsina sai 1921. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi ya sa tsarin mulkin 1979 ya ce kada wani ɓangare ya mamaye gwamnati, a 1996 aka kafa hukumar da za ta sa ido a kan rabon, tsarin mulkin 1999 ma ya maimaita a sashe na 14. An yi tsanin ne domin na ƙasa ya hau. Ciwon shi ne 'ya'yan manya, da suke sama tuntuni, su ke janye shi, kamar yadda aka yi maka. Yanzu kai ma ka samu 'yar dama, za ka janye wa wata."

Ya gyara zama, ya ci gaba: "Da idona na ga rikicin Fabrairun 2002 a unguwar nan, na ga gidajen da aka ƙona. Irin wannan wutar da ƙirare ake haɗa ta, kowa na ajiye abin da aka yi masa a zuci. Kada ka ƙara ko tsinke ɗaya."

"To ɗan'uwana fa? In kore shi?"

"Wa ya ce ka kore shi? Ka zaunar da shi kusa da ita ya koya. Ka biya masa makarantar yamma. In ya iya, ya ci gurbinsa da guminsa, ba mai yi masa gori."

Haka aka yi. Yarinyar ta riƙe littafin kuɗi, yaron yana gefenta yana koyo. Bayan shekara biyu aka buɗe rumfa ta biyu, aka sake ba da lissafin mota uku. Yaron ne ya fi kowa, aka damƙa masa makulli.

Ranar da dattijon ya ji labari, sai ya aika wa saurayin da mudun nan, tare da saƙo: wanda aka bari a baya, a kama hannunsa har ya iso. Amma in an zo awo, wanda ya san zafin tauye mudu shi ya fi cancanta ya cika wa kowa nasa.