Uzurin da yake gaskiya, yana iya zama ƙarya?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana cina, na ga gara in kawo ta nan mu tauna tare. Shin mutum zai iya faɗin magana wadda kowace kalma a cikinta gaskiya ce, amma duk da haka ya zama ya yi ƙarya? Da can da an tambaye ni sai in ce a'a. Yanzu na san ana yi, don ni na yi, kuma kawuna na yi wa, mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

Bayan na gama lisans a fannin tafiyar da kasuwanci, na sa rai in wuce babbar makarantar kasuwanci in yi masta. Da yawa daga cikin irin waɗannan makarantu na Faransa suna neman sakamakon wata jarrabawa da ake kira TAGE MAGE, wadda wata cibiya mai suna FNEGE ke shiryawa. Ga wanda bai san ta ba: tambayoyi 90 ne, an kasa su kashi 6, kowane kashi tambaya 15 cikin minti 20. Akwai fahimtar rubutu, lissafi, bin hujja, ƙa'idojin Faransanci, jerin lambobi da haruffa da suke kira lojik, da wani kashi mai suna conditions minimales wanda zan dawo kansa. Ba a shiga da na'urar lissafi. In ka raba lokacin, kowace tambaya sakan 80 gare ta. Maki kuma bisa 600 ake ba da shi.

Ni 213 na samu. A gida, in na gwada kaina, ina kaiwa 340.

Muna zaune a fada ana dafa shayi na biyu na ga sakamakon a waya. Na mayar da ita aljihu, na karɓi kofina kamar ba komai. Washegari na tarar da kawu a shagonsa cikin kasuwar Maraɗi, yana ƙirga buhunan wake da aya. Shi ya biya kuɗin rajista, shi ya biya na littattafai da na mota. Ya ce, "To ɗan boko, mi aka samo muna?" Na ce, "Kawu, Allah bai yi ba." Sai na ƙara da cewa Faransancin nasu ba irin namu ba ne, ga ɗauke wuta da aka yi ta yi lokacin zafi ina tsakiyar shiri, ga gajiyar hanya. Ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya koma ga ƙirgarsa.

Ku duba da kyau, ba inda na ƙaga ko kalma ɗaya. An ɗauke wuta, duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a garin nan ya san yadda karatu da fitilar waya yake, zufa na ɗiga a kan takarda. Zancen harshe ma haka. Ni sai da na shiga ajin CI na fara jin Faransanci, kuma a jarrabawar ana tambayarka bambancin wasu kalamai da yaron Faris ya tsotsa a nono. Hanya kuma ta gajiyar da ni. To ina ƙaryar take?

Tana cikin abin da na danne. Wancan 340 da nake alfahari da shi, ga yadda nake samunsa: in aka kira ni a waya sai in tsayar da agogo. In lissafi ya yi tsawo sai in taɓa na'urar da ke cikin wayar, in ce ai hanyar nake koyo. In na faɗi tambaya na duba amsa, sai in ce "kai, ai na san wannan," in ba kaina makin. Kashin lissafi, da yake ina sonsa tun lise, shi nake ta maimaitawa, lojik kuwa da conditions minimales kullum sai gobe. Wata biyar ina zaune a zaure da littafi buɗe, duk mai wucewa yana cewa sannu da ƙoƙari, kuma wallahi sannun tana yi mini daɗi. Karatun a gani na yi. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

A kasuwa akwai sunan wannan hali. Mai wake ya zuba wanda ƙwaro ya huda a ƙasan buhu, ya rufe samansa da mai kyau. In ka ɗebi na saman, kowace ƙwara lafiyayya ce, ba zai yi kaffara ba in ya rantse a kanta. Amma kowa ya san algus ya yi, don buhun aka saya, ba tafin hannu ɗaya ba. Haka magana take. Abin da mai sauraro ya tashi da shi a zuciyarsa, shi ne kayan da ka sayar masa. Kawu ya tashi da cewa ɗansa ya yi iyakar yinsa, duniya ce ta fi ƙarfinsa. Ni na shirya kalmomin don ya tashi da hakan, kuma na san ba haka ba ne.

Wanda ya fi damuna cikin uzurorin shi ne na farko. Ba na jayayya da ƙaddara, ko kusa. Amma tun muna makarantar allo aka ba mu labarin mai raƙumin nan da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya yi tawakkali. "Allah bai yi ba" a bakin wanda ya ɗaure raƙumi haƙuri ne. Ni da na saki nawa yana yawo, na ɗauki kalmar na mai da ita mayafi, don na san ba wanda zai ɗaga ta ya leƙa. Wa zai ce maka a'a in ka ambaci Allah? Wannan ya fi makin ba ni kunya.

Da na faɗa wa wani abokina ɗan Damagaram wannan tunani, sai ya taso mini. Ya ce ina yanka kaina da wuƙar wasu. A ganinsa jarrabawar ƙofa ce da aka auna da tsawon wasu mutane daban: harshensu, misalansu, kuɗinsu, euro ɗaya sefa 655 da ɗoriya. Yaron da ubansa ya biya masa darasin shiri na musamman, da kai mai fitilar waya, a ce ma'auni ɗaya? Ya ƙara da cewa ko 500 na samu, ina bizar take, tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024? Ya ce talaka ya daina neman laifin kansa a inda tsari ne ya cuce shi.

Ban raina maganarsa ba, har yanzu ina ganin kusan duka gaskiya ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce don tsarin ya karkace, ni kuma na wanku. Na tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, kayan kawu suka zauna a sito. Kowa a kasuwa yana cewa iyaka ta cinye shi, kuma da gaske ne. Shi kuwa na gan shi da dare da littafinsa, ya ja layi a tsakiyar shafi. Gefe guda abin da iyaka ta ci. Ɗaya gefen, buhunan da ya bari a ƙasa ba katako raɓa ta taɓa su, da bashin da ya ba wani don kunya alhali ya san halinsa. Na tambaye shi amfanin wannan wahala tun da duk asara ce. Ya ce, "Ta iyaka ba ni da makullinta. Wagga kuwa in ban rubuta ta ba, baɗi ma sai na sake ta."

Yanzu bari in dawo kan kashin nan da na yi ta gudu, don shi ya ƙarasa buɗe mini ido. A conditions minimales ba a ce ka nemo amsa ba. Ana ba ka tambaya da bayani biyu, a ce: abin da ke hannunka ya isa a san amsar, ko bai isa ba? Zaɓi biyar ne: na farko kaɗai ya isa, na biyu kaɗai ya isa, sai an haɗa su, kowanne shi kaɗai ya isa, ko kuwa duka biyun ba su isa ba. Ga misali irin namu. Ɗan kasuwa ya sayar da buhun wake, nawa ya ci riba? Bayani na 1: ya sayar da shi jika 30. Bayani na 2: ribarsa kashi ɗaya cikin biyar ce na kuɗin da ya sayo shi. Na farko shi kaɗai bai gaya maka nawa ya sayo ba. Na biyu shi kaɗai ba ko dala a cikinsa. In ka haɗa su, ya sayo jika 25, riba jika 5. Amma da bayani na 2 cewa ya yi "buhun tiya 40 ne," to ko ka kwana kana lissafi ba za ka sani ba, kuma amsar da ta dace ita ce ka ce ba a isa a sani ba.

Abin da ya sa nake faɗuwa a nan, na gano, ba rashin iya lissafi ba ne. Ina cusa abin da ba a ba ni ba. Na san farashin wake a kasuwa, sai in ɗauko shi daga kaina in cike gurbin. Ko in ga bayani mai tsawo da lambobi da yawa, sai in ɗauka dole ya isa. Tun firamare an saba mana cewa ɗalibin kirki ba ya barin takarda fara, ko ba ka sani ba rubuta wani abu. Ga jarrabawa kuma da ke ba ka maki don ka iya bambanta abin da ka sani da abin da kake zato.

Sai na ɗora kaina a kan wannan sikeli. Bayan na daina ɗora wa wuta da Faransanci laifi, na faɗa wani rami: na ce ni daƙiƙi ne kawai, wannan harka ba tawa ba ce. Na yi sati biyu a ciki, kuma na ɗauka wannan ita ce gaskiyar mai ɗaci. To tambaya: ba ni da ƙwaƙwalwar wannan karatu? Bayani na 1: na samu 213. Bayani na 2: ban taɓa yin gwaji ko ɗaya bisa ƙa'ida ba. Ku duba, ba su isa ba. Mai 213 yana iya zama wanda ya kai iyakarsa, yana iya zama wanda bai ma fara ba. Kuma na lura "ni daƙiƙi ne" wurin hutawa ne shi ma, don ba a tambayar daƙiƙi ya tashi da asuba ya yi lojik. Wani buhun ne na sake rufe wa baki, wannan karon kaina na sayar wa.

Na koma wurin kawu bayan la'asar, lokacin da yaran shago suka fita. Na ce, "Kawu, maganar da na faɗa maka ran nan ba ta cika ba." Na zayyana masa komai, har tsayar da agogon. Ya daɗe bai ce uffan ba. Kuɗin da ya kashe a kaina, na san daga inda aka matso su, ƙanwata tana aji na ƙarshe a kolej kuma ita ma tana da buƙatu. Daga baya ya ce, "Na ga alama tun kana zauren. Mai karatun gaske ba ya ɗaga kai duk wanda ya wuce." Bai ce zai sake biya ba, bai ce ba zai biya ba. Ya jawo wani sabon kaye daga cikin na rubuta bashi ya miƙo mini.

Shi nake amfani da shi yanzu. Duk tambayar da na faɗi sai ta shiga, da dalilinta: ban san ƙa'idar ba, ko na sani na karanta a gurguje, ko lokaci ya ƙare mini. Akwai gida na huɗu da ya fi sauran zafi, na tambayoyin da na ci da canke. Su ma bashi ne, don ranar jarrabawa ba za su sake faɗowa daidai ba. Sati uku da farawa kayen ya nuna mini abin da wata biyar ba su nuna ba: Faransancin da na yi ta kuka da shi ba shi ne babban mai bina ba, lokaci ne. Ina nacewa kan tambaya ɗaya minti huɗu don girman kai, uku masu sauƙi na jirana a ƙasa ban kai gare su ba. Na koyi tsallakewa. Na haddace lambobi in an ninka su da kansu har zuwa 25, da matsayin kowane harafi, E na 5, J na 10, O na 15, T na 20, Y na 25, sauran ka ƙirga daga nan. Da dare kuma a fada nakan ɗauki tambaya ɗaya in bayyana wa ƴan uwa da Hausa. In na fara in-ina ina fakewa da kalmomin Faransanci, to ban gane ta ba, ta koma kaye.

Gwaji kuwa ranar Asabar nake yi, awa 2 cur, wayar tana hannun ƙanwata, ita ke riƙe da agogo, kuma yarinyar nan ba ta da tausayi ko na sakan ɗaya. Na farko da muka yi haka na samu 227. Na makon jiya 287. Har yanzu ban kai 340 ɗin nan na zaure ba. Abokina na Damagaram yana nan a kan bakansa cewa wahalar banza nake, zancen biza kuma ba abin da ya canza. Ban sake yin rajista ba tukuna. Kawu ya ce in kayen ya cika in kawo masa ya gani, saura shafi 31.